Wa Ke Magana a Cikin Rumfar Hoto?

A wannan mako za mu ɗan ajiye littattafai, mu leƙa wani wuri da ba a saba neman rubutu ba, wato cikin rumfar hoto. Muna nufin ɗan akwatin nan da mutum ke shiga ko ya tsaya a gabansa, na'ura ta ɗauke shi hoto ta miƙo masa, babu mai hoto a wurin. Irinta ta zamani tana da allo a gaba, yana ƙirga daƙiƙu yana ba da umarni. 'Yan kalmomin nan na kan allo wani ne ya zauna ya rubuta su, kuma an yi shekara ɗari ana canza wanda ke da ikon faɗinsu.

Duk wanda ya taɓa zuwa situdiyo ya san rabin aikin mai hoto da baki yake yin sa. Ɗaga haɓarka. Matso kusa da ita. Hajiya gyara mayafin. Kar wanda ya motsa. To idan aka cire mutumin aka bar inji, wa zai faɗi waɗannan? Tambayar da masu ƙera rumfar hoto suka yi ta fama da ita ke nan tun farko, kuma kowane zamani da irin amsar da ya bayar.

Yunƙurin ya fara tun ƙarni na 19. A baje kolin duniya na Paris a 1889 wani Bafaranshe, T. E. Enjalbert, ya nuna injin da ake jefa wa kuɗi ya ɗauki hoto. A 1890 Conrad Bernitt na birnin Hamburg a Jamus ya fito da nasa mai suna Bosco, wanda ya ɗan samu kasuwa a wuraren wasanni. A kan siririn farantin ƙarfe suke fitar da hoton, ɗan mitsitsi, kuma dishi-dishi.

Wanda ya mai da abin babbar sana'a shi ne Anatol Josepho, Bayahude haifaffen yankin Saberiya na Rasha a 1894. Ya bar gida yana yaro ya koyi aikin hoto a Turai, ya buɗe situdiyo a Budapest, yaƙin duniya na ɗaya ya rutsa da shi a can, daga baya ya ɓulla birnin Shanghai na ƙasar Sin ya ci gaba da sana'arsa. A duk wannan yawo da zanen injinsa yake tafe a kai. Ya isa Amurka a 1923, ya bi mutane yana neman jari har ya haɗa, sannan a watan Satumba na 1925 ya buɗe shago a titin Broadway na New York. Sunan injin Photomaton. Mutum ya jefa senti 25, wato kwatan dala, ya zauna, injin ya ɗauke shi sau takwas, kafin minti goma ya miƙo masa doguwar takarda mai hotuna takwas a jere. A cikin injin takardar ce ke bi ta tukwanen sinadarai ɗaya bayan ɗaya har ta wanku. Babu nagatif, wato baƙin fim ɗin da ake ajiyewa a sake wanko hoto daga gare shi, don haka abin da mutum ya riƙe a hannunsa shi kaɗai ne a duniya. A wata shida na farko mutum 280,000 suka shiga. A watan Maris na 1927 wasu attajirai ƙarƙashin Henry Morgenthau, tsohon jakadan Amurka a daular Usmaniyya, suka sayi haƙƙin injin na cikin Amurka a kan dala miliyan 1.

Abin da ba a cika faɗa ba shi ne, injin da ake yi wa kirari da mai aiki da kansa bai iya magana ba. Sai da aka tsayar da ma'aikata sanye da fararen safar hannu a gefensa, suna tsara layi, suna zaunar da mutane, suna nuna musu inda za su kalla. Ashe an kori mai hoto ta ƙofa ne muryarsa ta dawo ta taga.

Biyan ma'aikaci a kan kowane inji ba riba, musamman da rumfunan suka bazu zuwa tashoshin jirgin ƙasa da kantuna. Sannu a hankali aka raba aikin ma'aikacin ga kayan rumfar. Kujera mai juyawa, mutum ya murza ta ta hau ko ta sauka. Gilashi a gaba da alamar inda ido zai tsaya. Ɗan allon sanarwa da aka buga wa umarni a jere, da fitilar da ke kamawa kafin walƙiya. Sai labule. Hotunan suka koma huɗu a takarda, kuma tsakanin walƙiya da walƙiya 'yan daƙiƙu ne, babu mai ce maka uffan.

Wannan shirun ya haifar da abin da masu injin ba su yi zato ba. Da mutane suka ga babu mai kallonsu, sai suka saki jiki. Aka fara gwalo, ana cusuwa mutum huɗu a kujerar mutum ɗaya. Da Photomaton ya isa Paris a 1928, ƙungiyar marubuta da masu zane ta André Breton, waɗanda suka ɗauki mafarki da muhimmanci fiye da farke, suka mai da rumfar wurin wasansu. A fitowar mujallarsu ta Disamba 1929 sun buga hotunan rumfa na mutum 16 daga cikinsu kewaye da wani zanen René Magritte, kowa idonsa a rufe. Injin da aka yi don a kalle shi, suka shiga suka runtse ido. A 1963 kuma mai zanen nan na Amurka, Andy Warhol, ya kai wata attajira, Ethel Scull, rumfar hoto a dandalin Times Square da tarin silalla a hannu. Yana zuba kuɗi yana ba ta dariya, yana tsokanarta don ta motsa, daga tarin hotunan ya zaɓi wasu ya yi aikin nan mai hoto 36 da ya shahara. Idan muka lura, aikin tsohon mai hoto ya yi. Injin ya riƙe kyamara, shi ya riƙe baki.

Haka aka tafi shekara da shekaru, har kwamfuta ta shigo rumfar a shekarun 1990. Tukwanen sinadarai suka ba firinta wuri, gilashi ya ba allo wuri. Karon farko mutum yana ganin kansa a allo kafin a ɗauka, kuma rumfar ta samu bakin magana. Saura a san me za ta ce.

Amsa mafi ban mamaki daga Japan ta fito, kuma mace ce ta kawo ta. Sasaki Miho ma'aikaciya ce a kamfanin wasannin bidiyo na Atlus. Ta lura da yadda 'yan mata 'yan makaranta ke son sitika da musayar hotuna, sai ta kawo shawarar a yi injin da zai haɗa biyun. Mazan da ke shugabantar ta ba su ɗauki maganar da nauyi ba da farko. A 1995 Atlus da Sega suka fitar da injin da suna Print Club, wanda bakin Japanawa ya gajarta ya koma purikura. A jefa yen 300, allo ya nuna firam iri-iri, masu furanni da masu zuciyoyi da 'yan zane-zane, a zaɓi ɗaya, fuska ta zauna a tsakiyarsa, injin ya tofo takarda mai ƙananan sitika 16. A yanka da almakashi a raba wa ƙawaye, kowa ta manna a ɗan littafinta. Cikin shekara biyu abin ya game ƙasar, balle da ƙungiyar mawaƙa ta SMAP ta riƙa raba nata a talabijin.

Nan ne allon ya tashi daga mai ba da umarni ya koma mai tambaya. Wane firam kike so? Wane haske? Kafin ƙarshen shekarun 1990 aka ƙara alƙalami, yarinya ta rubuta sunanta da na ƙawarta da kwanan wata a kan hoton da hannunta. Daga baya ma aka raba rumfar biyu, ɗaki na ɗauka da ɗaki na rubutu, domin layi ya riƙa tafiya, aka sa agogo a kusurwar allo yana ƙirga lokacin da ya rage wa mai rubutun. Dubi dabarar kasuwa. An ba ta alƙalami, amma agogon yana hannun kamfani. A ɗakin ɗaukar kuwa allon na nuna hoton wata 'yar talla da irin tsayuwar da za a kwaikwaya, murya na ƙirgawa.

Daga shekarun 2000 injinan suka fara gyara fuska da kansu. Su haskaka fata, su ƙara girman ido, su rage haɓa, su ƙara tsawon ƙafa. A nan muna da ja. Tsohon mai hoto idan ya ce ka ɗaga haɓa, haɓarka ce dai za ta fito. Wannan kuwa allon ya yanke hukuncin yadda kyakkyawar fuska take tun kafin yarinyar ta shigo, zaɓin da ya bar mata bai wuce ido babba ko ido mafi girma ba. Duk abin da muke gani yau na sauya fuska a Snapchat da makamantansa, 'yan matan Tokyo sun riga mu sha da shekaru.

A daidai wannan lokaci allon Turai wata hanya ya bi. Can babban cinikin rumfar hoton fasfo ne da na katin shaida. Da ƙasashe suka koma fasfo mai ɗauke da bayanan fuska bisa ƙa'idar hukumar sufurin jiragen sama ta duniya, ICAO, a kundinta mai lamba 9303, sai aka ƙayyade komai. A Birtaniya hoton milimita 35 ne a faɗi, 45 a tsawo, kai daga haɓa zuwa tsakar ka tsakanin milimita 29 da 34. Daga 2005 aka hana murmushi, baki a rufe. Sai allon ya koma akawun gwamnati. Ya zana da'ira mai siffar ƙwai ya ce ka sa fuskarka ciki, ka kalli gaba, ka kawar da gashi daga ido. Rumfar da aka san ta da gwalo ita ce yau ke hana dariya. Sai dai mu yaba wa marubutan wannan allo abu guda. Umarninsu ba ya ɗaukar fassara biyu, domin kuskure ɗaya na nufin a dawo wa mutum da takardunsa.

Har zuwa nan kamfani ne ko hukuma ke rubuta allon. Abin da ya sauya lissafin shi ne haɗuwar kaya uku masu sauƙin samu. Wajen 2007 manyan kyamarorin Canon da Nikon suka fara nuna abin da suke gani kai tsaye, har a iya tura shi allon kwamfuta ta waya. Ga ƙananan firintoci masu narka launi da zafi, waɗanda ke fitar da busasshen hoto cikin daƙiƙu, takarda mai inci 4 da 6 a yanka ta biyu ta ba da dogayen tsiri irin na da. Ga kuma manhajojin da ke haɗa su, irin su DSLR Remote Pro na kamfanin Breeze Systems a Ingila, da dslrBooth, da Sparkbooth, da Darkroom Booth. Daga nan duk mai kyamara da kwamfutar cinya zai iya kafa rumfa a wurin biki ya naɗe ta bayan an tashi.

Ya kamata mu tsaya mu ga yadda cikin abin yake, don ya fi yadda ake zato sauƙi. A manhajar Breeze, kowane mataki na allon hoto ne kawai da aka ajiye a folda da wani suna da manhajar ta sani. Akwai ready.jpg, wanda ke tsaye yana jiran baƙo. Akwai 1.jpg da 2.jpg da na bayansu, masu fitowa yayin ƙirgen kowane hoto. Akwai taking.jpg na dab da walƙiya, da processing.jpg mai cewa a dakata ana bugawa. Duk wanda ya zana wani hoton ya sa masa sunan, ya canza abin da rumfar ke faɗa. Madannin da baƙo ke taɓawa ma zane ne. A wani wuri daban ake gaya wa manhajar cewa wannan murabba'in na allo, idan yatsa ya sauka a kansa, a fara ƙirge. Shi ya sa wani lokaci mutum zai yi ta danna madanni ya ƙi aiki, an matsar da zanen ne an manta ba a matsar da murabba'in ba. A tsakiya ake barin fili inda baƙo zai ga kansa, kuma juya hoton ake yi kamar madubi, don idan ba haka ba ya matsa dama ya ga kansa ya yi hagu. Ana ma iya tanadar jerin alluna fiye da ɗaya, baƙo ya zaɓa tun a farko, wanda ke nufin rumfa ɗaya za ta iya magana da harshe biyu ko uku.

Sauran labarin sananne ne. A 2017 Koriya ta Kudu ta dawo da hoto huɗu a tsiri da shagunan Life Four Cuts, babu yawan gyaran fuska, firam ɗin ne ke canzawa, wani da hoton mawaƙi a gefe kamar tare aka ɗauka. Sai iPad ya maye gurbin kwamfuta a rumfuna da yawa, labulen ya tafi, aka samu mai dandamali da hannu mai zagayawa da ake kira 360. Ita ce ta fi shigo mana, muna ganinta a dina da kamu a Kano da Kaduna da Abuja, sunan ango da amarya na yawo a ƙasan bidiyo.

To a nan maganar ta zo gida. Manhajojin da Turanci suke zuwa, kuma yawanci abin da ake canzawa bai wuce sunan ma'aurata da launin ankon biki ba. Gwaggon amarya da ta zo daga ƙauye za ta tsaya gaban allon da ke mata magana da harshen da ba ta ji, sai wani yaro ya zo ya ce mata Gwaggo nan za ki kalla. Mun koma 1925 ke nan, sai dai babu farar safar hannu.

A ce an ba ɗayanmu aikin mai da allon Hausa. Tun a kalmar farko zai ci karo da abin da Bature bai sani ba. Umarninsa ɗaya ne ga namiji da mace da taro, mu kuwa sai mun zaɓa, ka taɓa ko ki taɓa ko ku taɓa. Allo bai san wanda ke gabansa ba. "Taɓa nan" ya kuɓuta daga jinsi, amma a gaban dattijo yana da gatsali. "A taɓa nan" ya yi kama da sanarwar asibiti. Mu dai "ku" muka fi so, don ta ɗauki mutum biyar, ta kuma ɗauki surukar mutum ita kaɗai cikin girmamawa. Ku taɓa nan mu fara. Ku matso kaɗan. Ku kalli fitila. Wannan "mu" ɗin ta cikin "mu fara" ita ce ke sa injin ya zama kamar ɗan biki.

Sai haruffa masu lanƙwasa. Yawancin salon haruffan ado da masu zane ke so ba su da ɓ da ɗ da ƙ, balle ƴ da 'yan'uwanmu na Nijar ke rubutawa. Idan aka rasa, ko dai wani ɗan akwati ya fito a gurbin harafin, ko mai zanen ya sa k kawai ya wuce, sai allon da ke son yi wa baƙi maraba ya yi wa baki. Amma tsarin da muka bayyana ya ba da mafita. Tunda allon hoto ne, duk abin da aka zana a kai ya zauna daram, ko da kwamfutar rumfar ba ta san harafin ba. Ko ajami mutum ya rubuta da tawada ya ɗauki hotonsa, zai hau. Inda za a kula shi ne rubutun da manhajar ke yi da kanta a kan hoton, kamar ƙirgen daƙiƙu da saƙon cewa takarda ta ƙare, wannan sai an zaɓa masa salon haruffan da ke da namu.

Akwai wata jimla da ta fi duk waɗannan nauyi. Rumfar Josepho ba ta ajiye komai, abin da ka fita da shi shi ke nan. Ta yau tana ajiye kowane hoto a kwamfutar mai ita, da yawa kuma suna ɗora shi a intanet don baƙo ya sauke ta lambar QR, wasu har su nemi lambar waya ko imel. Matar da ta saki mayafi ta yi dariya da ƙawayenta a wajen kamu tana da haƙƙin sanin inda hoton zai kwana, kuma allon ne kaɗai zai gaya mata kafin ta danna. Idan sanarwar da Turanci take, da ƙananan haruffa a ƙasa, daidai take da babu. "Hoton nan zai hau intanet. Kun yarda?" Kalma bakwai ne, da madanni biyu, E da A'a, kuma girmansu ya zama ɗaya, domin masu zane sun iya ƙanƙanta wanda ba sa so a danna.

Na ƙarshe shi ne allon dab da walƙiya, wanda daƙiƙa ɗaya kacal yake da ita. Turawa a nan suke sa mutum ya furta sunan cuku da harshensu, ba don cukun ba, sai don wasalin kalmar na ja leɓɓa gefe kamar murmushi. Koriyawa kimchi suke cewa, Faransawa sunan wani ɗan ƙaramin biri, Sinawa sunan gauta. Kowa ya duba bakinsa ya nemo kalmarsa. Wanda ya fassara na Turawa kai tsaye ya rubuta "ku ce cuku" zai tara hotunan mutane da baki a zumɓure kamar masu hura wuta, don wasalin u tattara leɓɓa yake yi. Abin nema kalma ce mai ƙarewa da i, gajeriya, wadda kowa ya sani, wadda jin ta a wurin ma zai ba da dariya. Mun gwada kilishi a gaban madubi, wasali uku duk i, kuma ta yi. Wani a cikinmu ya kawo alkaki, wata ta ce nakiya ta fi dacewa da biki, sai dai a ɗinta na ƙarshe na sa a ɗauki mutum baki a wangale.

Ga aikin wannan mako ga mai sha'awa. A rubuta alluna biyar na rumfar biki da Hausa: na jira, na ƙirge, na dab da walƙiya, na neman izini, da na sallama. Kada kowanne ya wuce kalma bakwai. Kafin a kawo mana, a karanta wa wani dattijo a gida ba tare da an yi masa bayani ba, a ga ko zai yi abin da allon ya ce.